Labari, Ra'ayi da Talla a Jaridun Amurka na Zamanin Mulkin Ingila

Kafin a kafa ƙasar da ake kira Amurka a yau, wani sashe na gaɓar gabas ta arewacin nahiyar Amurka yana ƙarƙashin sarautar Ingila, an kuma yanka shi zuwa yankunan mallaka waɗanda daga baya suka kai 13, kowanne da gwamnansa da majalisarsa ta wakilai. A waɗannan yankuna ne jarida ta fara fitowa a shekarar 1690, ta zauna da gindinta daga 1704, har ta zama ɗaya daga cikin manyan makaman da aka yi amfani da su wajen neman 'yancin kai a 1776. Jaridar wancan zamani tana ɗauke da abubuwa uku da mai karatu na yau ya saba gani, wato labari da ra'ayi da talla, sai dai ba a raba su kamar yadda ake raba su yanzu ba, domin babu 'yan rahoto masu fita neman labari, babu edita mai shafin kansa, babu kuma sashen talla mai zaman kansa. Mutum ɗaya ne, mai maɗaba'a, yake tattara komai ya buga, kuma lissafin abincinsa ne yake yanke abin da zai shiga takarda da abin da za a bari a waje. Wanda ya fahimci wannan lissafi zai gane dalilin da ya sa labarin jaridun ya fi karkata ga ƙasashen nesa, ra'ayinsu yake fitowa da sunayen aro, tallarsu kuma ta zama sashen da ya fi nuna ainihin rayuwar jama'a.

Mai maɗaba'a da sana'arsa

Ana lissafa mai buga jarida a wancan zamani cikin masu sana'ar hannu, domin tun yana yaro yake shiga koyo a hannun maigida, ya shafe shekaru yana wanke haruffa da dama tawada kafin ya samu jarin buɗe nasa shago. Haruffan na dalma ne, kowanne daban, akasarinsu daga Ingila ake shigo da su, kuma da hannu ake jera su ɗaya bayan ɗaya har shafi ya cika, sannan a shafa musu tawada a danna takarda a kansu da injin katako wanda ƙarfin damtse ne yake tafiyar da shi. Ƙwararrun ma'aikata biyu sukan buga kimanin takarda 200 a awa guda, a fuska ɗaya kawai, sai ta bushe a juya ɗaya fuskar. Takardar kanta daga tsummokin lilin da na auduga ake yin ta, kuma ko da yake William Rittenhouse ya kafa masana'antar takarda ta farko kusa da Filadelfiya tun 1690, ƙarancinta bai gushe ba, har jaridu sukan roƙi matan gida su tara tsumma su kawo a saya.

Jaridar takan fito sau ɗaya a mako, da farko shafi 2, daga baya shafi 4, kuma yawancinsu ba sa wuce kwafi 'yan ɗaruruwa, amma masu jin abin da ke ciki sun ninka masu saye, saboda ana karanta ta a bayyane a mashaya da gidajen shan gahawa, ana kuma miƙa ta daga hannu zuwa hannu. Kuɗin jarida kaɗai ba ya riƙe gida, musamman da yake masu biyan kuɗin shekara sukan yi jinkiri har mai maɗaba'a ya riƙa buga musu tuni, wani lokaci ma ya karɓi itacen wuta ko hatsi a madadin kuɗi. Saboda haka ya dogara ga buga dokokin majalisa da takardun kuɗi da takardun yarjejeniya da littattafan lissafin watanni da huɗubobin limaman coci, yana kuma sayar da takarda da tawada da magunguna a shagonsa. Mutumin da abincinsa yake hannun gwamna da majalisa da 'yan kasuwa da limamai a lokaci guda ba zai so ɓata wa ɗayansu rai ba. Sana'ar ta iyali ce, shi ya sa idan maigida ya rasu matarsa takan ci gaba, kamar yadda Elizabeth Timothy ta karɓi South-Carolina Gazette bayan rasuwar mijinta a ƙarshen 1738, Clementina Rind kuma ta riƙe ɗaya daga cikin jaridun Virginia Gazette daga 1773.

Jaridun farko da izinin hukuma

Masu mulki ba su yi maraba da ɗab'i ba tun farko, har gwamnan Virginia, William Berkeley, ya bayyana a 1671 cewa yana godiya ga Allah da babu makarantun kyauta da maɗaba'a a yankinsa, don a ganinsa ilimi da ɗab'i su ne suke haifar da rashin biyayya. A irin wannan yanayi ne Benjamin Harris, wanda ya taɓa ɗanɗana gidan yari a Landan saboda abin da ya buga, ya fitar da Publick Occurrences a Boston ranar 25 ga Satumba, 1690. Shafi 3 aka buga, na huɗu aka bar shi fari, kuma masana tarihi suna ganin an bar shi ne domin mai saye ya rubuta nasa labari kafin ya aika wa wani. Jaridar ta soki abin da 'yan ƙabilar Mohawk, ƙawayen Ingila a yaƙi, suka yi wa Faransawan da suka kama, ta kuma yaɗa zargin lalata a kan sarkin Faransa, kuma bayan kwana 4 gwamna da majalisarsa suka haramta ta, suka ce kada a ƙara buga komai sai da izini. Fitowarta ta farko ita ce ta ƙarshe.

Sai bayan shekara 14 aka sake gwadawa, lokacin da John Campbell, shugaban gidan waya na Boston, ya fara Boston News-Letter ranar 24 ga Afrilu, 1704, ya kuma rubuta a goshinta cewa da izinin hukuma ake buga ta. Haɗuwar gidan waya da jarida tana da dalili, domin shugaban gidan waya ne yake fara ganin jaridun Landan da wasiƙun 'yan kasuwa, yake jin hirar matuƙan jiragen ruwa, kuma yana iya aika jaridarsa ta hannun masu kai wasiƙu a kan doki ya hana ta abokin hamayyarsa. Da Campbell ya rasa muƙaminsa, wanda ya gaje shi, William Brooker, ya kafa Boston Gazette a watan Disamba na 1719, a daidai makon da Andrew Bradford ya fara American Weekly Mercury a Filadelfiya. New York ta samu tata a 1725, Maryland a 1727, South Carolina a 1732, Virginia kuma a 1736, kuma ya zuwa 1775 adadin jaridun ya kai kimanin 37.

Labarin da ya tsallako teku

Mai karatu na yau zai yi mamakin ganin cewa shafin farko na jaridar Boston ko Filadelfiya ya fi ba da labarin fadar sarkin Ingila da yaƙe-yaƙen Faransa da Sifaniya da al'amuran Daular Usmaniyya fiye da labarin garin da ake buga ta. Dalili na farko shi ne garuruwan ƙanana ne, duk abin da ya faru a cikinsu ya riga ya zaga a baki kafin ranar fitowar jarida. Na biyu shi ne rayuwar 'yan kasuwa tana rataye da abin da ke faruwa a Turai, domin ɓarkewar yaƙi tana nufin kama jirage da tashin farashi da tsadar inshora. Na uku kuwa shi ne labarin nesa ba ya jawo fushin kowa a gida, alhali kalma ɗaya a kan gwamna ko wani attajiri tana iya rufe shago.

Ana samun labarin ne ta hanyar kwafe jaridun Landan kalma da kalma, da ɗauko sassan wasiƙun da 'yan kasuwa suka yarda a buga ba tare da sunansu ba, da tambayar matuƙan jiragen da suka iso. Tafiya daga Ingila takan ci mako 6 zuwa 8, a lokacin sanyi kuma jirage sukan yi ƙaranci, don haka labari kan iso ya riga ya tsufa. Campbell ya ɗauki jaridarsa a matsayin tarihi mai ci gaba wanda bai kamata a tsallake komai a cikinsa ba, yana buga labaran bisa jerin faruwarsu, har ya bayyana wa masu karatunsa a 1719 cewa a wani lokaci ya kasance baya da wata 13, shi ya sa ya ƙara takarda domin ya cimma zamani. Babu manyan kanun labarai. Sunan gari da kwanan wata kawai ake sa wa a sama, kuma jimlar takan fara da cewa an ji, ko wasiƙa daga wuri kaza ta ce, wanda ya nuna cewa mai maɗaba'a yana miƙa abin da ya samu ne ba tare da ɗaukar alhakin gaskiyarsa ba.

Bayan labaran Turai sai na sauran yankunan mallaka, sannan 'yan layuka a kan gari, kamar gobara da hukuncin kisa da rasuwar manya da sanarwar gwamna, sai jerin jiragen da suka shigo da waɗanda suka tashi, da farashin gari da sukari da barasa. Masu maɗaba'a suna musayar jaridu a tsakaninsu ta gidan waya, kowa yana kwafar na wani ba tare da neman izini ba, kuma a 1758 Benjamin Franklin da William Hunter, waɗanda suke shugabancin gidajen waya na yankunan, suka tsara cewa a ɗauki kowace jarida a kan kuɗi ƙayyadadde, kwafin musaya kuma ya tafi kyauta. Wannan tsari ne ya sa mutumin Virginia ya fara karanta labarin Massachusetts a kai a kai, abin da daga baya ya zama tushen haɗin kan siyasa.

Ra'ayi a bayan sunan aro

Ra'ayi ya shigo jaridun da ƙarfi ne a watan Agusta na 1721, lokacin da James Franklin ya kafa New-England Courant ba tare da neman izini ba, ya kuma cika ta da maƙaloli da wasiƙu na barkwanci da zambo irin salon mujallar Spectator ta Landan. Rikicinta na farko a kan cutar agana ne, wadda ta mamaye Boston a shekarar. Babban limamin coci Cotton Mather ya ji daga bawansa ɗan Afirka, mai suna Onesimus, cewa a ƙasarsu ana tsaga fatar mai lafiya a sa masa ɗan ruwan ƙurjin mai cutar, ya yi rashin lafiya mai sauƙi, daga nan ba ya sake kamuwa. Mather ya shawo kan likita Zabdiel Boylston ya gwada wannan hanya, amma likita William Douglass da marubutan Courant suka yi musu ca, suna cewa yaɗa cuta ake yi da gangan. Lissafin da aka yi bayan annobar ya nuna cewa cikin kusan mutum 6,000 da suka kamu da kansu fiye da 840 sun mutu, alhali cikin fiye da 240 da Boylston ya yi wa lamba mutum 6 ne suka rasu. Ke nan jaridar da ta fara ƙalubalantar manya ta yi kuskure a gwagwarmayarta ta farko, sai dai ta tabbatar da cewa ana iya yi wa limami da mai mulki gardama a takarda, kuma jama'a za su saya.

A cikin wannan jarida ne ƙanin James, Benjamin Franklin, yana ɗan shekara 16, ya rubuta wasiƙu 14 a 1722 da sunan wata gwauruwa da ya ƙirƙira, Silence Dogood. Sunan aro shi ne al'adar zamanin, kuma marubuta sukan zaɓi sunayen jaruman tsohuwar Rum ko su kira kansu manomi ko mai son ƙasa, domin su kare kansu daga hukunci, su kuma nuna cewa hujja ake so a duba maimakon matsayin mai magana. Mai maɗaba'a shi ne yake riƙe sirrin, shi ne kuma ake kamawa. A watan Yuni na 1722 an tsare James kusan wata guda saboda ya yi shaguɓe cewa hukuma tana jan ƙafa wajen bin 'yan fashin teku, a farkon 1723 kuma aka hana shi buga jaridar sai an tace ta, sai ya mayar da ita sunan ƙaninsa.

Benjamin Franklin ya koma Filadelfiya, ya sayi Pennsylvania Gazette tare da Hugh Meredith a 1729, kuma shi ne ya fi kowa bayyana aƙidar masu sana'ar. A 1731 ya buga wa wani matuƙin jirgi mai zuwa Barbados takardar talla wadda ta ce ba za a ɗauki limaman coci ba, mutane suka fusata, sai ya mayar da martani da maƙalar kare masu ɗab'i. Hujjarsa ita ce mutane sun sha bamban a ra'ayi, aikin mai maɗaba'a kuma shi ne ya ba kowane ɓangare dama muddin ya biya, domin idan gaskiya da ƙarya suka samu fili daidai gaskiya ce take rinjaye, kuma da masu ɗab'i za su jira sai abin da ba zai ɓata wa kowa rai ba, da kaɗan ne za a buga. Wannan aƙida ta buɗe ƙofa ga kowa tana da kyau ta fuskar hikima, tana kuma da amfani ta fuskar ciniki, tunda a garin da maɗaba'a ɗaya ko biyu ce kawai babu mai son korar rabin masu saye.

Shari'ar Zenger

Inda manyan gari suka rabu biyu kuwa, jarida takan zama makamin ɓangare ɗaya. A New York gwamna William Cosby ya tsige babban alƙali Lewis Morris, sai Morris da lauya James Alexander suka ɗauki nauyin New-York Weekly Journal, wadda John Peter Zenger, ɗan asalin Jamus, ya fara bugawa a watan Nuwamba na 1733. Jaridar ta riƙa sukar gwamna, har da amfani da tallar ƙarya ta cigiyar dabbobin da suka ɓace, inda siffofin dabbar suke nuni ga wani na hannun daman gwamna. An kama Zenger a watan Nuwamba na 1734, ya shafe fiye da wata 8 a tsare, matarsa Anna tana ci gaba da fitar da jaridar.

Laifin da aka tuhume shi da shi shi ne ɓatanci ga hukuma mai tunzura jama'a, kuma a dokar Ingila ta lokacin gaskiyar magana ba ta wanke mai ita, aikin masu taya alƙali yanke hukunci, wato mutum 12 da ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari, shi ne kawai su tabbatar ko wanda ake tuhuma ne ya buga. A watan Agusta na 1735 lauya Andrew Hamilton na Filadelfiya ya amsa cewa Zenger ne ya buga, amma ya roƙi mutanen 12 su duba ko abin da aka buga gaskiya ne, su kuwa suka wanke shi. Hukuncin bai sauya rubutacciyar doka ba, amma ya koya wa gwamnoni cewa da wuya jama'ar gari su ɗaure mai ɗab'i saboda sukar wakilin sarki. Daga nan majalisun wakilai ne suka fi zama barazana, domin sukan kira mai maɗaba'a su tsawata masa ko su tsare shi idan ya taɓa mutuncinsu.

Talla, madubin gari

Talla ta bayyana tun makonnin farko na Boston News-Letter a watan Mayu na 1704, ciki har da ta wani fili da masana'anta a Oyster Bay da ake neman mai saye ko haya. Da farko 'yan layuka ne a ƙarshen shafi, amma Franklin ya ƙawata su da manyan haruffa da fili tsakanin talla da talla da ƙananan zane-zanen jirgi ko doki, kuma ya zuwa shekarun 1760 talla takan cinye rabin jaridun manyan garuruwan gaɓar teku, har a ƙara takarda ta musamman dominta. Shafin talla ya yi aikin da sanƙira yake yi a kasuwa. A nan ne ɗan kasuwa yake jera yadudduka da shayi da tangaran da ya shigo da su daga Landan, malamin rawa ko na lissafi yake neman ɗalibai, mai magani yake yabon ruwan da ya ce yana warkar da kowace cuta, mai doki yake cigiyar dokinsa. A nan ne kuma miji yake shelanta cewa matarsa ta bar gida kuma ba zai biya bashin da ta ci ba, wani lokaci matar ta mayar da martani a mako na gaba ta faɗi irin cutarwar da ta sa ta fita.

Wani babban kaso na kuɗin talla daga cinikin mutane yake fitowa. Tun shekararta ta farko Boston News-Letter ta buga tallar sayar da bayi, a kudu kuma South-Carolina Gazette takan sanar da isowar jirage daga Gambiya da gaɓar da ake kira Ghana a yau da Angola, tare da ranar gwanjo da tabbacin cewa babu agana a jirgin. Tallar sayar da bawa ɗaya ko biyu takan ƙare da cewa a tuntuɓi mai maɗaba'a, wanda ya mayar da shi dillali tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuma Franklin kansa ya yi wannan aiki ya kuma mallaki bayi, kafin a ƙarshen rayuwarsa ya shugabanci ƙungiyar neman soke bauta ta Pennsylvania a 1787.

Akwai kuma cigiyar waɗanda suka gudu, bayi da barorin yarjejeniya, wato Turawan da suka sayar da aikinsu na wasu shekaru domin a biya musu kuɗin jirgi. Mai cigiya yakan faɗi tsawon mutum da tufafinsa da sana'arsa da harsunan da yake ji da tabon bulala a bayansa, sannan ya sa tukuici. A 1761 George Washington ya buga cigiyar mutum 4 a Maryland Gazette, inda ya siffanta ɗayansu da tsaga a kowane kunci irin ta ƙasarsu, wani kuma da haƙoran da aka feƙe, alamomin da mutanen Afirka ta Yamma suka sani a matsayin shaidar asali. A 1769 Thomas Jefferson ya buga cigiyar wani mai ɗinkin takalma da ake kira Sandy a Virginia Gazette. An rubuta waɗannan sanarwoyi ne domin a kamo mutanen, amma a yau suna cikin muhimman hujjojin da masana tarihi suke da su a kan asalin bayin da ƙwarewarsu da yadda suka ƙi miƙa wuya.

Harajin hatimi da ƙarshen tsakatsaki

Bayan yaƙin da Birtaniya ta yi da Faransa wanda ya ƙare a 1763, majalisar dokokin Landan ta nemi yankunan mallaka su taimaka wajen ɗaukar nauyin sojoji, sai ta kafa dokar hatimi a watan Maris na 1765, wadda ta wajabta amfani da takarda mai hatimin haraji daga 1 ga Nuwamba. Jarida za ta biya rabin kwabo ko kwabo guda a kan kowane kwafi gwargwadon girman takardarta, da sule 2 a kan kowace talla. Dokar ta taɓa lauyoyi da masu ɗab'i kai tsaye, wato mutanen da suka fi kowa iya rubuta ƙorafi da yaɗa shi. Ranar 31 ga Oktoba William Bradford ya fitar da Pennsylvania Journal da baƙaƙen layuka da zanen ƙoƙon kai kamar dutsen kabari, wasu suka dakata, wasu kuma suka ci gaba da bugawa ba suna ba hatimi. An soke dokar a watan Maris na 1766, amma masu ɗab'i sun riga sun gano cewa tsayawa tare da masu adawa yana ƙara masu saye.

Daga nan labari da ra'ayi da talla suka cakuɗa suka zama kayan yaƙi. Wasiƙu 12 da lauya John Dickinson ya rubuta da sunan manomin Pennsylvania daga ƙarshen 1767 sun fito a kusan dukkan jaridun yankunan. Daga 1768 zuwa 1769 wasu 'yan adawa a Boston suka riƙa rubuta rahoton cin zarafin da suka ce sojojin sarki suna yi, suna aika shi New York inda John Holt yake fara bugawa kafin sauran su kwafa, ta yadda zargi yake yawo da kamannin labari. Boston Gazette ta Benjamin Edes da John Gill, inda Samuel Adams yake rubutu da sunayen aro masu yawa, ta buga labarin harbin da sojojin sarki suka yi a Boston ranar 5 ga Maris, 1770, wanda ya halaka mutum 5, tare da zanen akwatunan gawa. 'Yan kasuwa kuma suka fara amfani da talla wajen nuna cewa kayansu na gida ne, ko wajen neman gafarar jama'a saboda sun karya yarjejeniyar ƙaurace wa kayan Ingila.

Wanda ya ƙi bin wannan layi ya gamu da fushin taro. John Mein na Boston Chronicle, wanda ya buga takardun kwastan da suka nuna cewa wasu masu kiran ƙauracewa suna shigo da kaya a ɓoye, ya tsere daga Boston a 1769 bayan an far masa, a watan Nuwamba na 1775 kuma mahaya ƙarƙashin Isaac Sears suka shiga maɗaba'ar James Rivington a New York suka lalata ta suka kwashe haruffansa. Aƙidar buɗe ƙofa ga kowa, wadda Franklin ya kare a 1731, ta zama abin zargi a idon masu neman 'yanci da kansu.

Ranar 6 ga Yuli, 1776, Pennsylvania Evening Post ta zama jarida ta farko da ta buga sanarwar 'yancin kai, sauran suka bi ta cikin makonni, kuma da yawa daga cikinsu sun buga kalmomin daidaiton 'yan Adam a fitowa ɗaya da tallar sayar da bayi da cigiyar waɗanda suka gudu. 'Yancin 'yan jarida da Amurka ta rubuta a gyaran farko na tsarin mulkinta a 1791 ya samo asali ne daga shagunan waɗannan masu ɗab'i, waɗanda kuɗin talla ya rage musu dogaro ga gwamnati har suka iya yi mata tsaye. Adalcin tarihi ya wajabta a ambaci abubuwan biyu tare, wato jarumtar da suka nuna a gaban masu mulki, da ribar da suka ci daga cinikin mutanen da ba a ba su damar faɗin nasu ra'ayi a shafukan ba.